Amsoshin Tambayoyinku: Gwangwanin tare baƙin mai, a sa ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Hyundai Sonata ƙirar 2013. Bakanikena ya ce in sayo wani ɗan gwangwani da ake ɗaurawa a tiyon numfashin inji don ya riƙa tare baƙin mai. Yana da amfani, ko kuwa kashe kuɗi ne kawai? Daga mai karatu a Kaduna.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Bakanikenka bai faɗi ba daidai ba, irin motarka tana cikin waɗanda abin yake yi wa amfani.

Duk lokacin da fetur ya kama wuta a kan fistin, wani ɗan hayaƙi yakan sulale ta gefen ringi ya faɗa ƙasan inji, inda baƙin mai yake. Dole a sama masa hanyar fita, in ba haka ba ya cika inji ya tura mai ta kowace kafa. Tsofaffin motoci na da can, ƙasa suke furzar da shi ta wani bututu. Daga farkon shekarun 1960, a Amurka aka fara mayar da shi cikin manifol, wato bututun da ke kai iska cikin silinda, ta ɗan bawul ɗin da ake kira PCV, ya sake ƙonewa. Matsalar ita ce hayaƙin ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana ɗauke da tururin baƙin mai da laimar ruwa da ɗanyen fetur.

A tsohon tsari, nozul yana fesa fetur ne a bayan bawul ɗin shigar iska, don haka kullum fetur na wanke shi. Injin Sonatarka kuwa, in dai mai lita 2.4 ne da aka rubuta wa GDI, kai tsaye yake fesawa cikin silinda. Babu abin da ke wanke bawul. Tururin mai sai ya sauka a kansa, zafi ya gasa shi, ya daskare kamar ƙanzo a gindin tukunya. A hankali sai ka ji mota tana rawa a silo, tana ƙin ja, tana shan mai. Gwangwanin yana zama tsakanin PCV da manifol, mai ya tsaya a ciki, iska ta wuce.

Amma ka kula da abin da za ka saya. Kwance murfin ka leƙa. In ka ga fanko ne, rami biyu kawai a saman, ajiye musu kayansu, don tururin zai shiga ta nan ya fita ta can. Nemi mai faranti ko ragar ƙarfe a ciki wadda iska za ta buga, da ɗan sandan duba mai ko famfon juyewa a gindi. Tiyon da ke zuwa da masu araha yakan yi laushi ya manne idan inji ya zuƙa, gara ka sayi mai kauri wanda aka yi don mai. A ɗaure shi a tsaye, nesa da salansa, ƙofar shiga a ɓangaren PCV, ta fita a ɓangaren manifol, a matse kowane kilif. Ƙaramar kafa ɗaya ta isa ta lalata silo ta kunna maka fitilar inji. Kada kuma ka yarda a toshe manifol a bar hayaƙin yana fita sarari. Wari zai dame ka cikin mota, mutanen da ke bayanka su shaƙa.

Wannan shi na fi so ka riƙe: gwangwanin yana buƙatar juyewa. Ka riƙa duba shi duk mako a watan farko har ka gane saurin cikarsa. In ya cika aka manta, ko dai inji ya zuƙe abin gaba ɗaya, ko hanya ta toshe mai ya fara tsiyaya. Abin da ka juye kada ya koma inji, gurɓatacce ne, haɗa shi da tsohon mai a gareji. Kuma rage taruwar dauɗa yake yi, ba ya cire wadda ta riga ta kama. Wannan sai an kwance manifol an kankare.

Tambaya: Ni Corolla ce da ni ta 2010, tana shan baƙin mai tana hayaƙi mai shuɗi. Gwangwanin zai magance? Daga Hajiya a Gusau.

A'a Hajiya, riƙe kuɗinki. Injin Corollarki na tsohon tsari ne, fetur yana wanke masa bawul. Hayaƙi mai shuɗi kuma yawanci alamar ringi ne ya cinye ko robobin bawul sun bushe, gwangwani ba ya gyara ko ɗaya. Ki sa a fara cire PCV a girgiza shi. Irin wannan in lafiyarsa ƙalau za a ji yana ƙaras-ƙaras, in ya yi shiru ya maƙale, kuma canza shi ba tsada. In an canza hayaƙin bai daina ba, a auna matsin kowace silinda kafin kowa ya ce miki a sauke inji.