Ɗana ba ya waiwayowa idan an kira shi: asibiti ko ruƙya?

Tambaya: Malam, daga Rikkos nake a Jos. Ɗana shekararsa biyu da rabi. In na kira sunansa ba ya waiwayowa, amma in waya ta yi ƙara a ɗaki sai ya ruga. Da yana cewa "Mama" da "ruwa", yanzu ya daina. Wuni yake yana jera marafan kwalba, in an taɓa ɗaya sai ihu. Mahaifiyar mijina ta ce ɗan ruwa ne, mai ruƙyar da ta kawo kuma ya hana a kai shi asibiti sai an gama turare na kwana 40. Ya halatta in saɓa musu?

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, baiwar Allah, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya. Ruƙya da Alƙur'ani halal ce, neman magani ma haka. Abin da ya sauya hukunci a nan shi ne cewa yaron ya iya kalmomi sannan ya rasa su. Likitocin yara ba sa jinkiri da wannan alamar. Idan aka haɗa ta da rashin amsa suna, da kauce wa haɗa ido, da rashin nuna abu da yatsa bayan wata 18, da rashin haɗa kalmomi biyu a shekara 2, sukan binciki galahanga, wato otizim. Tabbatarwa aikin likita ne. Ku je sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ku nemi a fara da gwajin ji, domin jin ƙarar waya bai nuna yana jin kowane sautin magana ba. Tunda jinkiri cutarwa ne, kai shi wajibi ne a kan mahaifinsa, kuma sharaɗin mai ruƙyar bai hau kanku ba.

Batun ɗan ruwa kuwa, ƙarya ce tsagwaronta. Mun yi imani da samuwar aljanu, amma ina ayar ko hadisin da ya ce suna ɗauke jariri su ajiye nasu? Babu. Annabi (SAW) ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne, don haka nasabar yaron nan da gadonsa da ciyarwarsa duk tabbatattu ne. Masu wannan magana hujjarsu ita ce yana kaɗa hannu, yana tafiya a kan yatsun ƙafa, yana toshe kunne in an tada janareto. Ai waɗannan su ne alamomin da likitoci suka sani a ƙwaƙwalwar da ke karɓar sauti da taɓi daban da ta sauran yara. Kuma mun san inda camfin nan yake kaiwa: a ajiye yaro a bakin rafi a juya baya. Wanda ya yi haka yaron ya mutu, ya kashe rai.

Turare a rufaffen ɗaki yana cutar da huhun ƙaramin yaro, duka da sunan fitar da aljani kuwa zalunci ne, duk haramun. Ki tofa masa Fatiha da Falaƙi da Nasi da kanki, da addu'ar da Annabi yake nema wa Hasan da Husaini tsari da ita.

Kada ki yi sa-in-sa da uwar mijinki; ki bar ɗanta ya yi mata bayani, in ta yarda ku tafi asibitin tare. Kafin ranar, ki ɗauki bidiyonsa a waya yana jera marafan, ki rubuta watan da ya daina magana, likita zai tambaya. A gida ki durƙusa daidai fuskarsa, ki riƙa faɗin kalma ɗaya kan abin da ke hannunsa, ki rage masa kallon waya. Kada ki zargi kanki, ba laifin renonki ba ne.

Allah ne Mafi sani.