Tambaya da Amsa: Siririn Rubutu a Katin Biki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bikin ƙanwata ya matso, kuma ni aka ɗora wa buga katin gayyata. Na ga wani rubutu siriri mai lanƙwasa, kamar da hannu aka ja shi, wai shi Edwardian Script. Na ce wa yaron shagon kwamfuta ya yi mana katin gaba ɗaya da shi. Da ya turo samfuri, Hajiyarmu ta kasa karantawa, sannan harafin farko na "ɗaurin aure" ya fito daban, kamar bare a cikin dangi. Laifin yaron ne ko na rubutun?

Daga wata mai karatu a Gusau

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya. Laifin yaron ɗaya ne, bai gaya miki gaskiya ba tun kafin ya taɓa kwamfuta.

Idonki dai ya iya zaɓe. Wani Ba'amurke mai zana haruffa, Ed Benguiat, ya fitar da wannan salon a 1994, kuma yana zuwa a cikin Microsoft Office, shi ya sa kusan kowane shago yake da shi. Amma asalinsa ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Kwaikwayon rubutun hannu ne da ya yi tashe a Ingila a ƙarni na 18, wanda ake sassaƙawa a kan farantin tagulla sannan a buga. Ki duba harafi guda da kyau. Inda alƙalami ya gangaro, layin yana da kauri. Inda ya haura, ya zama siriri kamar silin gashi. Dannawa ce take kawo haka: bakin alƙalamin tsini ne mai tsaga, in an danna ya buɗe, in an sassauta ya rufe. Wanda ya yi makarantar allo ya san kauri da siranta a rubutu, sai dai namu alƙalamin na kara daga yankan bakinsa suke fitowa.

To, wannan silin gashin shi ne kyawunsa, shi ne kuma abin da ya hana Hajiya karatu. Da an ƙanƙanta shi, siraran layukan sun ɓace, sai a bar mutum da sanduna masu kauri a karkace. In aka ƙara da ruwan gwal a kan takarda mai ruwan madara, wanda kowace amarya take so, to an gama da dattawa. Kada ki manta kuma yawancin mutanenki a WhatsApp za su ga katin, inda ake matse hoto har ƙananan layuka su dusashe.

Ni ma na taɓa cin wannan tuwon. Farkon shigata aikin ɗab'i na rubuta ranar wani biki da irin wannan salon, 17 ta koma wa mutane 11, uban ango ya kwana biyu yana amsa waya. Tun ranar ban sake sa lamba a cikinsa ba.

Ga yadda nake yi yanzu. Sunan amarya da na ango kawai nake ba wannan salon, da girma 28 ko fiye a ma'aunin haruffa na kwamfuta, da fili kewaye da su don jelar haruffan ta sake. Rana, lokaci, masallacin da za a ɗaura aure da lambar waya, duk da miƙaƙƙen rubutu wanda ake karantawa ko a hasken tocila. Kuma don Allah kada a rubuta suna duka da manyan baƙaƙe. An zana babban baƙi ne ya tsaya shi kaɗai a farkon kalma da rawaninsa. In aka jera biyar, sai su sarƙe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi.

Batun "ɗ" kuwa, salon ne ba shi da ita. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsa, haka ma yawancin 'yan'uwansa. Da kwamfuta ta neme su ta rasa, sai ta aro daga wani salon, ko ta ajiye ɗan akwati. Wasu shagunan suna cire ƙugiyar su huta, ni kam ba na yarda, don "ɗauri" da "dauri" ba abu ɗaya ba ne, kuma ba maganin jarirai kike gayyatar mutane su sha ba. Layukan Hausa a sa su da salon rubutu na Gentium ko Charis, kyauta ake sauke su kuma ƙugiyoyinmu suna ciki. In sunan ango Ɗahiru ne, yaron ya mayar da harafin zane a manhajar zane ta CorelDraw ya ja ƙugiyar da hannu. Aikin minti goma ne ga wanda ya iya.

Kafin ki biya kuɗin bugu, ki sa ya fitar da kwafi ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita. Ki miƙa wa Hajiya bayan magariba, ki ce ta karanto miki rana da wuri.