Me ya sa kaya mai taurari biyar ke ba da kunya?

Tambaya: Na sayi fawa bank a wata kasuwar intanet saboda na ga yana da taurari 4.8, amma ko wata guda bai yi ba ya daina riƙe caji. Shin taurarin nan duk ƙarya ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ba duka ne ƙarya ba, sai dai kasuwa tana daɗewa taurarinta suna rage daraja. Kasuwar intanet ta eBay ta fara irin wannan tsari a 1996, kuma da tafiya ta yi nisa sai aka wayi gari yawancin masu sayarwa suna da yabon da ya haura kashi 99 cikin 100. Wanda aka cuta yakan yi shiru ya canza kasuwa, wani kuma yana tsoron in ya kushe mai kaya shi ma a rama masa. Wannan ramuwar ce ta sa a 2008 eBay ta hana masu sayarwa rubuta wa masu saye mummunan sharhi. Ga kuma tausayi: mutum ya san tauraro ɗaya na iya taɓa abincin wani, sai ya danna biyar ya wuce.

Abin da ya fi damuna shi ne sayen yabo. Za ka buɗe kwali ka tarar da ɗan kati ana yi maka alkawarin kyauta in ka ba da taurari biyar. Kasuwar intanet ta Amazon ta haramta ba da kaya kyauta don a yi sharhi tun 2016, amma a 2021 sai da ta kori sanannun kamfanoni irin su Aukey da Mpow kan wannan harka. Wasu ma sukan tara yabo da wayar caji mai araha, daga baya su canza suna da hoton shafin zuwa fawa bank, tsohon yabon na nan daram.

Don haka in za ka sake saye, jera sharhin daga sabo zuwa tsoho, ka fara karanta na masu taurari biyu da uku, domin su ne suka fi faɗin takamaiman aibi. Duba hotunan da masu saye suka ɗora, ka tabbatar kayan da suke yabo shi ne wanda ke gabanka. In ka ga sharhi da yawa sun shigo rana ɗaya da kalmomi iri ɗaya, nemi wani shago. Shi kuma wannan da ya mutu, koma ka rubuta kwana nawa ya yi kafin ya daina riƙe caji.