Abin da ke kawo gyambo a baki

Ɗan'uwa daga Gadarif ta ƙasar Sudan, ka tambaya me ya sa bakinka ke yin gyambo, ya warke ya sake dawowa. Sannu, Allah ya sawwaƙe.

In a cikin kunci ne ko gefen harshe, fari a tsakiya da ja kewaye, mai zugi in barkono ya taɓa shi, wannan ba ya yaɗuwa, kuma cikin mako biyu yakan tafi. Cizon kunci, gajiya, ko ƙarancin jini da bitamin B12 ke tayar da shi. Ƙuraje masu ruwa a kan leɓe bayan zazzaɓi ko zafin rana kuwa ƙwayar cuta ce, ana ɗauka, don haka ka ware kofin shayinka. Farin abu kamar kindirmo a harshe, a gwada jini a ga ko akwai ciwon suga.

Amma in kana sa tumbak, wato garin tabar da ake cusawa a baki a Sudan, ɗaga leɓenka na ƙasa ka duba inda kake cusa shi. Tumbak yana jawo sankarar baki, kuma da farko sau da yawa ba ta ciwo, shi ya sa ake raina ta. Gyambon da ya wuce mako uku, ko ya yi tauri, kai shi wajen likitan haƙori.