Tambayi Likita: Yawan Tunani da Lafiyar Jiki

Wasiƙu uku muka ɗauko wannan makon, duka daga cikin birnin Kano. Likitan iyali da masaniyar halayyar ɗan Adam ne suka haɗu suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sana'ar atamfa a Kantin Kwari, shekarata 46. Tun da wasu suka karɓi kayana bashi suka ƙi biya, da na kwanta sai lissafi. Gabana yana faɗuwa, ƙeyata tana ɗaurewa, barci sai wajen ƙarfe biyu. An auna jinina a kemis an samu 150/95. Abokai sun ce tunani ne kawai, in cire shi daga raina. Haka ne? (Wani ɗan kasuwa, Fagge)

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya fito maka da haƙƙinka. Abokanka sun kama rabin gaskiya, amma kalmar "kawai" ita ce kuskurensu.

Jiki ba ya bambance ɓarawon da ya hauro katanga da bashin da kake juyawa a kan katifa. Da tsoro ya ɗarsu, sai ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ga wasu 'yan ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, hanta ta zuba suga cikin jini, naman wuya da kafaɗa su ɗaure. Wannan shiri na 'yan mintuna ne, don gudu ko kare kai. Kai kuwa kullum dare sai ka kunna shi, shi ya sa ƙeyar ke ɗaurewa.

Mu fara da jinin. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, amma 150/95 ya haura 140/90, inda ake fara zargin hawan jini. Ka auna safe da yamma tsawon kwana 7. Ka zauna minti 5 tukuna, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Kada ka ci goro, kada ka sha shayi ko sigari minti 30 kafin awon. Ka auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, ka rubuta, ka kai wa likita takardar. In ya ɗora ka a kan magani, kada ka ajiye shi don hankalinka ya kwanta. Hawan jini yakan yi ɓarna shiru. In ka ga 180/120 tare da ciwon ƙirji, dishi-dishin gani ko sanyin ɓarin jiki, asibiti nan take.

Shi kuwa tunani, ba a cire shi da ƙarfi. Duk wanda ya ce wa zuciyarsa "daina", sai ta ƙara ƙaimi. Wa'adi ake yanka masa. Kullum bayan la'asar ka ware minti 15, ka ɗauki littafi irin na shago, ka ja layi a tsakiyar shafi. Gefe ɗaya abin da ke hannunka: kiran wane ranar Litinin, kai maganar gaban dattawan layi, rubuta yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan. Ɗaya gefen abin da ba ya hannunka, kamar farashin dala. Wannan ka bar wa Allah, wancan ka sa masa rana. In lissafin ya taso da dare, ka ce masa "sai gobe bayan la'asar."

Sannan ka kama jimlar da ta fi maimaita kanta. Ga mai irin halinka yawanci ita ce "na karye, shi ke nan." Rubuta ta, ka yi mata tambaya uku. Nawa ne ainihin jarin da ya rage a shago? Na taɓa shiga irin wannan na fita? Da ƙanena ne abin ya samu, me zan ce masa? Jimlar da za ta fito, misali "an taɓa jarina sosai, amma kashi biyu cikin uku na nan," ita ce ta gaskiya, kuma jiki ba ya firgita da ita kamar ta farko. Likita Aaron Beck na Amurka ne ya tsara wannan hanya a shekarun 1960, kuma har yau asibitoci suna aiki da ita. Inda mutane ke faɗuwa shi ne su yi kwana uku su ce ba ta aiki. Ɗabi'ar da ta yi watanni tana kafuwa tana buƙatar makonni kafin ta saki.

Da ka kwanta, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, na minti 5; tsawaita fitar numfashi yana rage gudun zuciya. In minti 20 ya wuce barci bai zo ba, tashi ka zauna a wani wuri ba tare da waya ba, sai gyangyaɗi ya zo ka koma. Goro da shayi mai kauri a bar su daga la'asar, don rabin sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikinsu yana nan a jini bayan kamar awa 5. Muna roƙonka, kada ka sayi ƙwayar barci irin su diazepam a kemis. Jiki yana saba mata cikin makonni, rabuwa da ita kuma aiki ne.

TAMBAYA: Likita, shekara biyu ina fama da zafin ciki. An ce olsa ce, wai tunani da zama da yunwa suka jawo min. Na rage damuwa, ina ci a kan lokaci, amma yana dawowa. (Wata malamar makaranta, Gwale)

AMSA: Malama, a nan an ɗora wa tunani laifin da ba nasa ba. Mafi yawan gyambon ciki abu biyu ke kawo shi: wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori, da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka tabbatar da aikin ƙwayar, har suka samu kyautar Nobel a 2005. Damuwa tana ƙara wa ciki jin zafi, amma rage ta ba ya kashe ƙwayar.

Ki nemi gwajin bayan gida ko na numfashi. In kina shan maganin olsa na omeprazole, ki gaya wa likita, don ana dakatar da shi mako biyu kafin gwajin, in ba haka ba sakamakon yakan ɓoye cutar. Maganin haɗi ne na kwana 10 zuwa 14, kuma yanke shi a tsakiya yakan sa ciwon ya dawo. Baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini ba sa jiran gobe.

TAMBAYA: 'Yata ta haihu wata biyu da suka wuce, tana wankan jego a gidana. Kullum kuka, ba ta cin abinci, tana cewa ba ta da amfani. Dangi sun ce rashin tawakkali ne. (Wata uwa, Ƙofar Na'isa)

AMSA: Hajiya, Allah ya raya, ya ba ta lafiya. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma kin karanta ta daidai. 'Yar ƙwalla da sauyin rai na kwanakin farko bayan haihuwa suna wucewa cikin mako biyu. Abin da ya zarce haka, da ƙin abinci da raina kai, alamar ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Ciwo ne, yana kama masu ibada da masu haƙuri. Faɗa mata cewa imaninta ne ya yi rauni ƙara mata nauyi ne a kan wanda take ɗauke da shi.

A ci gaba da addu'a, a kuma kai ta asibiti cikin makon nan: wurin da ta yi awo, ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitin Dawanau. A gaya wa likita tana shayarwa, don ya zaɓi maganin da ya dace. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin sauƙi. A gida, ki karɓi jaririn wani ɓangare na dare ta samu barci a jere, ki zauna kusa da ita ki saurara ba gyara ba faɗa. In ta ambaci mutuwa, ko cutar da kanta ko jaririn, kada a bar ta ita kaɗai, a tafi asibiti a ranar.