Wane dutse ne wancan a hoton duniyar Mars?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An turo mana wani hoto a zauren WhatsApp na unguwarmu, an ce motar binciken nan Curiosity ce ta ɗauko shi a duniyar Mars. Can nesa, inda sama ta haɗu da ƙasa, ana hango wasu duwatsu dishi-dishi, an rubuta a ƙasa wai Olympus Mons ne, dutsen da ya fi kowane tsayi a can. Gardama ta kaure tsakanina da abokaina. Ta yaya zan gane gaskiya da wayata? Daga wani ɗalibi a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ci gardamar idan kai ne ka ce ba shi ba ne. Curiosity ta sauka a watan Agustan 2012 cikin wani wawakeken rami mai suna Gale, kuma tsakanin wurin da Olympus Mons akwai tazarar sama da kilomita 5,000. Tsayin dutsen ya kai wajen kilomita 22, amma Mars ƙarama ce, faɗinta kusan rabin na duniyarmu ne, saboda haka doronta yana saurin lanƙwasawa ya ɓoye abin da ke nesa. Da zarar ka yi nisan kilomita 400 ko makamancin haka daga dutsen, ko ƙololuwarsa ba za ka gani ba. Babu motar binciken da ta taɓa kusantarsa haka.

To mene ne kuka gani? Kai da kake Kumasi ba sai an wahalar da kai da bayani ba. Idan ka taɓa sauka bakin tafkin Bosomtwe, duk inda ka juya tsaunuka ne suka kewaye ka. Waɗannan tsaunuka gefen rami ne da wani dutse daga sararin samaniya ya haƙa sama da shekara miliyan ɗaya da suka wuce, faɗinsa kimanin kilomita 10 da rabi. Haka Curiosity take zaune a cikin Gale, sai dai shi faɗinsa kilomita 154 ne. Layin duwatsu mai tsawo da ya yi fari-fari saboda hazo, galibi bangon ramin ne. Idan kuma tudu guda ne babba mai shimfiɗa hawa-hawa ya cika hoton, wannan Dutsen Sharp ne da ke tsakiyar ramin, mai tsayin sama da kilomita 5, wanda motar take hawa tun 2014.

Ga yadda nake bi in tabbatar, kuma waya ta isa. Da farko ka manta da hoton da aka turo, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, ga shi kuma rubutun da ke ƙasa kowa na iya ƙirƙirarsa. Ka sa hoton a Google Lens ya nemo maka asalinsa a shafin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. A can za ka ga lambar sol, wato kwana na nawa ne motar ta yi a Mars, kuma kwanan can awa 24 ne da minti 39. Za ka ga sunan kyamarar da ta ɗauka. Da lambar sol sai ka buɗe taswirar tafiyar motar a shafin, ka ga daidai inda take tsaye a ranar.

Abin da ya fi wuya shi ne sanin ina kyamarar ta fuskanta. Kamfas ba ya aiki a Mars domin ba ta da maganaɗisu da ya game ta irin na duniyarmu, GPS ma babu, su kansu motocin da rana suke gyara alƙiblarsu. Kai ma ka yi haka: rana daga gabas take fitowa a can, don haka in ka san lokacin da aka ɗauki hoton a agogon can, inuwar duwatsun da ke kusa za ta nuna maka yamma da gabas. Daga nan ka shiga Mars Trek, taswirar NASA ta kyauta, ka ja layi daga inda motar take zuwa wannan ɓangaren, ka ga wane tudu layin ya ci karo da shi. Akwai wurin auna nisa da tsayi a ciki.

Sai ɗan lissafi. Kyamarar tana saman sanda mai tsayin kusan mita 2, kuma a fili miƙaƙƙe iyakar ganinta bai kai kilomita 4 ba. Abin da ke nisan kilomita 30, ƙasa ta cinye kusan mita 100 na gindinsa. Idan tudun da kake zargi bai kai wannan tsayin ba, ka fid da shi daga lissafi.

Tambaya: Malam, jikana ya nuna mini hotuna biyu na tudu ɗaya, a ɗaya kamar ka miƙa hannu ka taɓa, a ɗayan kuma ɗan ɗigo ne. Ba haɗin kwamfuta ba ne kuwa? Daga wata Hajiya a Asawase.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ba haɗi ba ne, bambancin kyamara ne. Curiosity tana da idanu biyu a sandarta, ɗaya mai gilashin milimita 34, ɗaya mai na 100, na biyun yana jawo abu kusa kusan ninki uku. Wata motar kuwa mai suna Perseverance, wadda ta sauka a ramin Jezero ranar 18 ga Fabrairun 2021, kyamarorinta suna zuƙowa kamar na waya. Sannan babu bishiya, babu gida, babu mutum a hoton da ido zai gwada girma da su, shi ya sa dutsen da bai wuce tsayin guiwa ba yake iya kama da tsauni. Ƙura ma tana da nata rawar: ranar da ta yi yawa, bangon ramin ɓacewa yake gaba ɗaya daga hoto.

Tambaya: Waɗannan taswirori ba za su cinye mini data ba? Daga wani mai gyaran waya a Kejetia.

Amsa: Mars Trek yana ci, ba wasa, kuma a ƙaramin allo yatsa yana shan wahala wajen jan layi. In kana da kwamfuta a shago, ka sauke Google Earth Pro, akwai alamar duniya mai zobe a sama, ka danna ka zaɓi Mars. Hotunan da motocin ke aikowa kai tsaye ba su da nauyi sosai, amma manyan da aka harhaɗa su zama ɗaya mai kewaye, ka bari sai ka samu Wi-Fi.