Ƙwayar taifot da ta ɓuya a maɗaciya

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce likita ya gaya muku ƙwayar taifot ta ɓuya a maɗaciyar Umma, kuma kina mamakin yadda cuta za ta zauna cikin ruwan da aka ce yana kashe ƙwayoyin cuta. Na daɗe ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje, kuma maganar likitan tana kan hanya.

Ruwan maɗaciya hanta ce ke yin sa, kusan rabin lita ko fiye a rana, maɗaciya ta adana, ta riƙa sakinsa cikin ƙaramin hanji idan an ci abinci mai maiƙo. Kamar sabulu yake, yana narkar da kitse. Fatar ƙwayar cuta ma da kitse a jikinta, shi ya sa da yawansu ba sa kai labari idan suka haɗu da shi. Sai dai masu sa cutar hanji sun saba da shi tun fil azal. Suna da fata mai kauri biyu, da wasu ƙananan famfuna da ke tofar da shi waje da zarar ya shiga.

Kullum da idona nake ganin wannan. Farantin da muke shuka bayan gida a kai, MacConkey, da gangan aka zuba masa gishirin maɗaciya. Mu shafa samfur da yamma, mu sa a na'urar ɗumi, da safe sai ka tarar marasa juriya ba su tsiro ba, amma Salmonella, wato dangin ƙwayoyin da taifot ke ciki, ta fito ɗigo-ɗigo, fara-fara. Farantin kwalara kuma kore ne, shi ma da maɗaciya a ciki, ƙwayar tana fitowa rawaya shar. Ita kwalara ma har alama take ɗaukar ruwan: da ta ji shi ta san ta iso hanji, sai ta fara shirin sakin gubarta.

Taifot ta fi su wayo. Takan bi jini ta isa maɗaciya, idan ta samu tsakuwa a ciki sai ta lulluɓe ta da wani yauƙi, ta kwanta a ƙarƙashinsa inda magani ke wahalar kaiwa. Cikin mutum 100 da suka warke, 2 zuwa 5 kan ci gaba da fitar da ita a bayan gida ba tare da zazzaɓi ba. Haka aka yi da Mary Mallon, mai dafa abinci a New York, wadda aka gano a 1907 tana sa wa iyalai taifot alhali ita garau take.

Don haka kada ku tsaya kan gwajin jinin taifot na Widal, ba ya nuna wannan. A shuka bayan gida, fiye da sau ɗaya, a kuma yi hoton ciki a duba tsakuwa. Maganin yakan ɗauki makonni, ba kwana biyar ba, don Allah a shanye shi. Wani lokacin sai an cire maɗaciyar, wannan kuma hukuncin likita ne.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa a sha maɗaciyar rago ko ta kifi. Kada ku yarda, tana iya lalata ƙoda da hanta, kuma ƙwayar ba tsoronta take ba. Kafin sakamako ya fito, a hutar da Umma daga girki, kowa ya wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayi. Allah Ya ba ta lafiya.